Doyar Ranar Juma'a

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Har yanzu ina ofis. Kowa ya watse, sai ni da fankar nan mai ƙara kamar za ta faɗo mini a ka. Aston ya kira sau biyu, na ce masa ga ni nan zuwa. Shekara talatin da aure, ya san in na ce ga ni nan zuwa, to ya zuba abincinsa.

Shekara shida ke nan da aka ɗora mini kujerar kare ɗalibai a kwalejin nan, don babu mai so. Aka tura ni Kingston, babban birni, horo na kwana uku, aka ba ni littafin ƙa'ida mai koren bango, na cusa shi a durowa ƙarƙashin maganin hawan jinina. Duk shekarun nan abin da ke zuwa mini bai wuce faɗa a kan wayar salula ba, ko ɗalibin da yunwa ta kayar a aji. Yau na ciro littafin.

Yarinya ce 'yar shekara sha bakwai, daga ajin lantarki. Ko a nan ba zan rubuta sunanta ba, K. zan riƙa cewa. Ta shigo wajen sha ɗaya ta ce fom take nema. Na ce wane fom? Ta ce ita ma ba ta sani ba. Sai na tashi na rufe ƙofa.

Awa biyu muka yi. Na rubuta abin da ta faɗa da kalmominta yadda aka koya mana, ban ƙara ba, ban rage ba, ban sa mata magana a baki ba. Takardar tana cikin ambulan, ambulan yana cikin akwatin ƙarfe, makullin yana wuyana. A can maganar za ta zauna.

Da ta gama ta ce, "Mis Icy, ba za ki faɗa wa kowa ba, ko?"

Na ce, "'Yata, dole mutum biyu su ji, shugabar kwaleji da jami'ar ofishin kare yara. Bayan su, ko bangon ɗakin nan ba zai ji daga bakina ba."

Ta ce, "Ni dai jarrabawar gwaji nake ji. Saura sati uku. Kakata ta gama shelanta wa 'yan cocinsu cewa ni zan haɗa mata wuta a gida."

Na ce za ta yi jarrabawarta. Littafin ya ce kada a yi wa yaro alkawari, amma na yi.

Shugaba, Misis Thelwell, tana taro a Kingston sai Litinin. Jami'ar ma ta ce sai Litinin za ta iso. Na duba jadawali, gobe malamin da ta yi ƙorafi a kansa ba shi da darasi da kowa. Jami'ar ta ce, "Kafin in zo, kada ki nuna masa komai. Ki yi yadda kika saba."

Sunansa kuwa, sau uku na rubuta shi yau a takardun hukuma. Ya isa haka.

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe shida na safe

Mas Linval ne, malamin ajin lantarki.

Shi ne uban baftismar Nadeen ɗiyata. Shi ya sake haɗa mana wutar gida bayan guguwa, ya ƙi karɓar komai sai shayi. A ƙungiyar mawaƙan coci a bayana yake tsayawa, na san inda yake jan numfashi a kowace waƙa. In ruwan yamma ya tsuge tasi ta daina hawa tudu, shi ke kwasar ɗalibai a tsohuwar motarsa ya sauke kowa a ƙofar gidansu. Bara ni da hannuna na rubuta masa takardar yabo a kan haka.

Kuma yau Juma'a ce, ranar doya.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Duk Juma'a yana zuwa da buhu daga gonarsa ta wajen Albert Town, ya bi tebur tebur a ɗakin malamai yana ajiye wa kowa rabonsa. Ni tawa daban ce, rawaya, wadda ya san Aston yana so a romon Asabar. Shekara sha huɗu bai taɓa fashi ba.

Na shiga ɗaukar ruwan zafi, sai ga shi da buhu a kafaɗa, ƙasa har gwiwar wando.

"Mis Icy, uwar 'yata! Ga taki. Wannan sai da na yi kokawa da ita, ta ƙi fitowa, taurin kai irin naki."

Ya miƙo. Ɗaki cike da mutane, har Mis Blossom mai kantin abinci ta shigo kwashe kofuna.

Na ce, "Bar ta, Mas Linval. Muna da doya a gida."

Ya yi dariya. "Doyar kasuwa? Wadda ake ci a sha magani? Karɓi nan, kada Aston ya kai ƙarata."

Na ce, "Na ce ka bar ta."

Ɗakin ya yi tsit, har cokalin Mis Blossom ya daina ƙara. Ya tsaya da doya a hannu yana dubana. Sannan ya mayar da ita buhu a hankali, ya ɗaure bakin buhun, ya fita, bai gama rabon ba.

Shafi na sha ɗaya na littafin ƙa'ida ya ce mai riƙe da ƙorafi ba ya karɓar kyauta daga wanda ake ƙorafi a kansa. Na sake dubawa da na koma ofis, haka yake a rubuce. Na bi ƙa'ida.

Asabar, 11 ga Mayu, azahar

Aston ya leƙa tukunya ya ce, "Yau romon namu maraya ne? Ina doyar Linval?"

Na ce bai kawo ba.

Ya ce, "Linval ɗin? To, ko dai ya mutu ko gonar ta ƙone." Ya ci da kabewa da ɗanyar ayaba yana mita.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan coci

Wurinsa a bayana babu kowa. Matarsa ta zo, ta zauna can gaban mumbari, ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba. Waƙar ta fita ba gishiri.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe uku da rabi

Jami'ar ta zo. Misis Thelwell ta dawo. An kira Mas Linval ƙarfe goma, an ba shi takardar dakatarwa, an karanta masa cewa dakatarwa ba hukunci ba ce, kariya ce gare shi da kowa. Ni ce mai ɗaukar bayani, kaina a sunkuye.

Bai tambayi mene ne ba. Bai tambayi wace ce ba. Ya zo da makullan ɗakin gwaji a hannu tun daga gida, ya ajiye su a tebur kafin a nema. Jami'ar ta lura, ta ɗago ta dube ni.

Bayan ya fita ta ce, "Wa ya sanar da shi?"

Na ce babu.

Misis Thelwell ta cire gilashinta, ta kira ni da cikakken sunana. "Icilda, tun ina cikin mota aka kira ni aka ce kin mayar wa Linval doya a gaban jama'a. Mutum uku daban daban."

Na ce shafi na sha ɗaya.

Ta ce, "Wanda ya rubuta shafi na sha ɗaya bai taɓa taka yankinmu na Trelawny ba. A nan ko kuna gaba da mutum, in ya miƙo doyar gonarsa sai ka karɓa, in ya so ka ba alade. Ke ma kin sani, a nan aka binne cibiyarki."

Na bi ƙa'ida.

Talata, 14 ga Mayu, safe

K. ba ta zo ba.

Talata, yamma

Lissafin ba shi da wuya, ko ɗan aji ɗaya zai yi shi. Mis Icy ta mayar wa Mas Linval doya. Mis Icy aikinta ƙorafin ɗalibai ne. Ranar Alhamis ƙofar Mis Icy ta yi awa biyu a rufe. Mata biyu ne rak a ajin lantarki, ɗayar kuma tana gida da ciwon ido tun makon jiya. Mis Blossom ta gama lissafin kafin ta gama wanke kofuna.

Na je kantin na same ta tana juya shinkafa da wake.

Na ce, "Blossom, bakinki."

Ta ce, "Ni? Me na ce? Ni dai na ga abin da idona ya gani. In ba kya son a ga hayaƙi, uwar ɗakina, kada ki hura wuta a tsakar gida. A zuba miki da kaza ko da kifi?"

Na so in kife mata tukunyar. Na karɓi da kifi, na ajiye a ofis har ya huce.

Laraba, 15 ga Mayu, azahar

Ba ta zo ba. Wayarta a kashe.

Cike fom. Wani fom ɗin a kan fom na farko. Jami'ar tana so in rubuta abin da ya faru ranar Juma'a "daki daki". Na rubuta layi huɗu, na yage, na sake rubuta layi huɗun nan dai.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Aston ya dawo daga wasan domino da wuri, ya ajiye hularsa da ƙarfi.

"Icy, me ke faruwa? Na zauna, mutum uku suka tashi wai suna da aiki. Mas Dudley da bai taɓa yin aiki ba tun da aka haife shi."

Na ce ba zan iya faɗa ba.

"Ni ne fa. Mijinki."

Na ce na sani.

Ya ce, "A shago cewa ake yarinyar ce ta faɗi gwaji take neman wanda za ta ɗora wa. Wasu kuma na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ni ban ce komai ba, don ban san wane gefe matata take ba."

Na ce ba ni da gefe.

Ya ce, "Duk wanda ya mayar da doya yana da gefe."

Yarinyar ba ta taɓa faɗuwa gwaji ba. Ita ce ta biyu a ajin. Wannan ma ba ni da izinin faɗa.

Juma'a, 17 ga Mayu, safe

Babu buhu a ɗakin malamai. Na shiga, hira ta mutu. Na fita, ta tashi.

Asabar, 18 ga Mayu, la'asar

Nadeen ta kira daga Toronto, can ƙasar waje. Shekara biyu cur Mas Linval yana kawo ta gida a motar nan, lokacin da take aji na ƙarshe. Wani lokaci ita ake saukewa daga ƙarshe, don gidanmu ne a ƙarshen hanya.

Na tambaye ta sanyi. Na tambaye ta aiki. Na tambaye ta ko tana cin abinci.

Ta ce, "Mama, muryarki wani iri. Akwai abin da kike son tambayata ne?"

Na ce a'a, layin ne ba kyau.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe biyu

Kwana biyar na karatu K. ba ta zo ba. In ta cika goma, sunanta ya fita daga jerin masu jarrabawa, haka dokar hukumar jarrabawa take. Na roƙi Misis Thelwell ta rubuta mata uzuri. Ta ce za ta rubuta, amma uzuri ba ya haɗa waya, sai yarinyar ta zo da ƙafarta ranar talatin da ɗaya.

Malamin da aka kawo riƙon ajin ya ce samarin sun rubuta wani abu a kan bencinta. Bai faɗi mene ne ba, ni ma ban tambaya ba. Na ba shi takardar gurza katako daga aljihuna, na ce kafin a tashi.

Wakilin ƙungiyar malamai ya zo da takarda, yana so in tabbatar a rubuce cewa ana yi wa Mas Linval adalci. Yana da gaskiya, haƙƙinsa ne. Na sa hannu. Kowa yana da gaskiya a satin nan, ni kuwa na gaji.

Talata, 21 ga Mayu, safe

Jini ya hau. Nas ta ce in huta. Na tambaye ta a wane kanti ake sayar da shi.

Laraba, 22 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Jami'ar ta yarda in je gidan, muddin ba zan taɓa zancen ƙorafin ba, zancen jarrabawa kawai. Tasi biyu na hau, sannan tafiyar ƙasa a tudu, ruwa ya maida hanyar taɓo. Takalmin cocina ya gama yawo.

Gidan katako ne mai ɗaki biyu. An kafa sandar wuta a bakin hanya, waya a naɗe a jikinta tana jira. Kakar, Mis Adassa, tana zaune a baranda tana ɓare wake. Tsohuwa ƙarama, amma idonta ba na wasa ba ne.

Na ce, "Barka da yamma, Mis Adassa."

Ta ce, "Barka kadai. Ke ce ta doyar?"

Na ce ni ce.

Ba ta ce in zauna ba. Na tsaya da jakata a hannu kamar mai tallan inshora. Na yi mata bayanin ranar jarrabawa, da cewa baƙo ne daga birnin Montego Bay zai duba su, ba malamin kwaleji ba, da cewa zan tsaya wa K. a kan komai.

Ta ce, "Kin tsaya mata ai. Mun gani."

Na ce, "Ƙa'ida ce ta hana ni karɓa."

Ta ture kwanon waken gefe. "Malama, shekarunki nawa?"

Na ce hamsin da shida.

"Hamsin da shida, ba ki san yadda ake karɓar abu da hannu a ƙi shi a zuci ba? Ni na karɓi doya daga hannun mutumin da ya ci mini iyakar gona, na ce Allah ya ƙara albarka, na zo na zuba wa alade. Alade ya yi ƙiba, ni kuma na kai shi kotu na ci. Yarinyar nan wata biyu tana haɗiye maganar. Ni ban sani ba, uwarta da ke tsibirin Cayman ba ta sani ba. Ke ta zaɓa. Kwana ɗaya aka ce ki riƙe fuskarki, kwana ɗaya tak."

Na ce, "Ban faɗa wa kowa ba."

Ta ce, "Da bakinki."

Labulen ɗaki ya motsa. Na san tana bayansa. Na ɗaga murya kaɗan na ce ranar Juma'a ta sama ne, ƙarfe tara, ɗakin gwaji na biyu, a zo da kayan aiki da takalmi mai rufi. Labulen bai sake motsi ba.

Ina juyawa Mis Adassa ta ce, "Ranar Lahadi a coci wata ta ja jikarta daga kusa da tawa jikar. Kin ji? Kamar mai ƙazuwa. Sauka lafiya, hanyar da santsi."

Alhamis, 23 ga Mayu, ranar ma'aikata, azahar

Yau kowa ya fito fentin makarantar firamare kamar kowace shekara. Mas Linval ne kullum a kan tsani yana ba da umarni, yana tsokanar mata wai fentinsu kamar kwalliyar amarya. Bana babu mai hawa tsanin, an bar saman bangon da tsohon launi. Na yi fentin ƙofa ɗaya na dawo gida.

Alhamis, la'asar

Bari in rubuta, tun da babu mai karantawa.

Ban tuna shafi na sha ɗaya ba a ɗakin malamai. Sai da na koma ofis na buɗe littafin ina neman abin da zan fake da shi, na same shi. Lokacin da ya miƙo doyar, hannunsa na gani, da abin da na rubuta ranar Alhamis da kalmominta, sai nawa hannun ya ƙi tashi. Shi ke nan. Kaina na ji wa ƙyama, kaina na tsare. Ko kaɗan ban tuna da yarinyar da ƙofata ta rufu a kanta awa biyu a gaban kowa ba.

Kuma har yanzu ban san me za a gano ba. Ba aikina ba ne in sani, haka littafin ya ce. Wata rana ina tashi da tabbacin abu ɗaya, kafin azahar ina jin muryarsa a waƙar Ista, sai kunya ta kama ni ta kowane gefe. In ya yi, na tona yarinya. In bai yi ba, na yanke masa hukunci a gaban abokan aikinsa kafin a tambaye shi ko kalma ɗaya. Duk inda na juya, da doyar nan nake karo.

Juma'a, 24 ga Mayu, safe

Na sake rubuta wa jami'ar bayanin ranar Juma'ar. Wannan karon shafi guda, babu zancen ƙa'ida a ciki. Misis Thelwell ta karanta ta ce, "Kin san wannan zai shiga fayil ɗinki?" Na ce fayil ɗin ya daɗe ba ya cin komai, bari ya ci.

Asabar, 25 ga Mayu, hantsi

Na ga Mas Linval a kasuwar Falmouth, daga nesa, gefen masu kifi. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya gan ni. Ya ɗaga hula kamar yadda ya saba, na ce barka da safiya, ya ce barka kadai. Ba mu tsaya ba. Haka ya kamata in yi tun ranar, abin bai fi ƙarfina ba ashe.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan coci

Na kira Nadeen na yi tambayar, ko ya taɓa yi mata wani abu a motar nan.

Ta ce, "A'a, Mama. Ni dai a'a." Na ce to. Ta ce, "Amma kin daɗe kafin ki tambaya." Na ce na sani.

Na zauna a bakin gado har Aston ya leƙo ya ce shinkafa tana kamawa.

Litinin, 27 ga Mayu, azahar

Ba ta zo ba. Uzurin ya karɓu, sunan K. yana nan a jeri, na goma sha ɗaya.

Talata, 28 ga Mayu

Ba ta zo ba.

Laraba, 29 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na ba direban tasin da ke hawa tudunsu ambulan, ciki da katin shiga jarrabawa da tsoffin tambayoyi na shekara uku. Ban sa wasiƙa ba, me zan ce? Ya ce tsohuwar ta karɓa ta shige ciki, ko ruwa ba ta ba shi ba.

Jami'ar ta ce binciken zai kai watanni. Mis Blossom ta ce ta ji za a tura yarinyar Cayman wajen uwarta. Na ce mata, "Blossom, wata rana kunnenki zai gaji ya ajiye aiki." Ta ce ba a wannan shekarar ba.

Alhamis, 30 ga Mayu, yamma

Aston ya goge mini takalmi ba tare da na roƙa ba. Ya ce, "Gobe ko ta zo ko ba ta zo ba, ki dawo gida da wuri." Ban taɓa faɗa masa ko mace ce ba. Duk garin nan ni kaɗai ce har yanzu ke riƙe da sirrin.

Juma'a, 31 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Tun bakwai da rabi ina bakin get. Tasi ta zo ta sauke, wata ta zo ta sauke. Samarin ajin suka wuce da akwatunan kayan aikinsu suna satar kallona. Takwas da rabi. Tara saura kwata. Maigadi ya kawo mini kujera, na ce ba na so.

Tara saura minti takwas tasi ta tsaya a ƙetaren titi. Mis Adassa ce ta fara fitowa, da hular coci da baƙar leda a hannu. Sannan K., da rigar aiki a goge, da akwatin kayanta, da takalmi mai rufi.

Na tsallaka da sauri. Na ce, "'Yata, zo mu je, ni zan raka ki har ƙofar ɗakin."

Ta tsaya. Ba ta dube ni ba, get ɗin take kallo da mutanen da ke tsakar kwaleji.

Ta ce, "Mis Icy, don Allah kada ki bi ni. In kina gefena kowa sai ya kalla."

Na ce to.

Ta tsallaka ita kaɗai. Sun kalla duk da haka, har Mis Blossom ta fito ƙofar kanti da ludayi a hannu. Yarinyar ba ta yi sauri ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba, ta bi ta tsakiyar fili har ta shige ɗakin gwaji na biyu. Ni ina wannan gefen titi, inda ta ce in tsaya. Shekara shida a kujerar nan, wannan ne taimako mafi girma da na iya yi mata, kuma ya yi mini ciwo.

Mis Adassa ta zauna a kan gajeren bangon da ke gaban shagon walda, ta buga gefenta da tafin hannu. Na zauna. Awa uku ne gwajin. Ba mu yi wata hira ba, sai da ta ce rana ta yi zafi, na ce ƙwarai.

Can ta ɗora mini baƙar ledar a cinya. Nauyin kaɗai ya gaya mini ko mene ne. Ƙarama ce, rawaya, da ƙasa a jikinta.

Na ce, "Mis Adassa, kin san maganar tana hannun hukuma, ke kuma kakarta ce, littafin ya ce..."

Ta ce, "Malama."

Ta ɗora hannunta a kan ledar.

"Ban ce na yafe ba. Daga bayan gidana na haƙo ta da safen nan. Riƙe."

Maigadi yana kallo, masu walda suna kallo, Mis Blossom tana can tana miƙa wuya. Na sa hannu biyu na riƙe.

Na ce, "Allah ya ƙara albarka."

Ta ce, "Kina da alade?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To, sai ki ci."